Na sayi tsohuwar libarba, harbin farko ya watse: cutata aka yi?

Tambayar ta fito daga wani matashi a nan Garwa, mai fataucin shanu tsakanin kasuwar Adumri da ta Ngong. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Baba, bayan doguwar zirga-zirga takardar izinina ta fito, na sayi libarba okaziyo, wato ta hannu, ƙirar Smith & Wesson mai cin harsashi 6. In an buɗe ta akwai rubutu a ciki, MOD. 10-5. Mai ita na farko ya haɗo mini da tsohon kwalin harsashi. Na je gonar wani aminina, na kafa kwali a taku 20, na harba 24. Guda 7 kaɗai suka taɓa kwalin, su ma duk ƙasa ta hagu. Kunamar tauri ba a magana. Harsashi ɗaya ya ƙi tashi. Sau biyu ko uku na ji wani abu ya tsunkune ni a kumatu, amma wannan ba komai ba ne. Kwana biyu kunnena yana ƙugi. Cutata aka yi, ko saitinta ne ya karkace in kai a gyara?"

Ɗana, Allah ya sa ta tsufa a hannunka ba ka taɓa bukatar ɗaga ta a kan kowa ba. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma abin da na gani shi ne ka bar jaki kana dukan taiki. Watsewar harbin da ta hana ka barci ita ce ƙaramar magana a cikin duk abin da ka lissafa, hannunka ne, kuma zai gyaru. Abin da ka ce ba komai ba ne, tsunkulin nan na kumatu, shi ne ya tayar mini da hankali. Kada ka sake sa mata harsashi sai wanda ya san aikin ya duba ta. Na yi shekara 23 ina riƙe da makullin ɗakin makamai kafin in yi ritaya, irin bindigarka ta ratsa hannuna ba adadi, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Game da ko an cuce ka, ta fuskar ƙira dai ba ka sayi banza ba. Wannan libarba kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fara fitar da ita tun 1899, a 1957 aka sa mata suna Model 10, kuma an ƙera fiye da miliyan 6. 'Yan sandan ƙasashe da yawa sun yi shekaru suna rataye da ita. Lambar 10-5 da ka gani tana nuna an yi taka tsakanin 1962 da 1977, wato ta girme ka nesa ba kusa ba. Tsufan ba aibi ba ne a irin wannan ƙarfe. Na ga wadda fentinta ya goge fes saboda gugar kube amma cikinta kamar jiya aka fito da ita, don mai ita ya yi shekara 30 yana ɗauka bai harba kwalin harsashi biyu ba. Na kuma ga mai sheƙi wadda aka sake wa fenti don kasuwa, cikinta ya gama lalacewa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi kayan hannu kuma dole ya bincika inda ya ci.

To, ga abin da ke faruwa a kumatunka. Libarba ta bambanta da fistol mai gidan harsashi a ƙota. A cikinta harsashi yana zaune ne a gangar nan mai ramuka 6 da ke juyawa, wadda a bariki muke kira bariye. Tsakanin fuskar ganga da bakin bututu akwai 'yar tazara, siririya kamar kaurin takarda biyu, kimanin milimita 0.10 zuwa 0.20. Duk harbi sai harsashi ya tsallaka wannan tazara ya shiga bututu, kuma wuta da hayaƙi suna fita ta gefe a wurin. Wannan haka aka yi ta. Amma don harsashi ya shiga lafiya, dole ramin ganga ya tsaya daidai saitin bututu, kuma ganga ta kulle kafin guduma, wato ƙarfen baya da ke dukan harsashi, ta faɗi. Akwai ɗan yatsan ƙarfe a ciki da ke tura ganga ta juya, akwai kuma ɗan haƙori a ƙasa da ke faɗawa cikin tsaga ya riƙe ta. In yatsan ya cinye saboda shekaru, ganga takan makara, guduma ta faɗi ramin bai gama zuwa wurinsa ba. Sai harsashi ya daki gefen bakin bututu, ya fere, ɓarɓashin dalma mai zafi ya fantsama gefe da baya. Shi ne ka ji a fuska. Da ya haura sama da kaurin yatsa biyu, da a ido ya sauka, kuma ban ga ka ambaci tabarau ba.

Ba lalle ne laifin yatsan ba. Dalma da ta daskare a bakin bututu tana kawo haka, tazarar da ta buɗe fiye da kima tana kawo haka, haka ma hannun da ganga ke lilo a kansa in ya lanƙwashe. Wani lokaci iska ce kawai ta dawo maka da tokar albarushi. Amma ba a yin caca da ido, sai a ɗauka mafi munin ne har a tabbatar ba shi ba ne.

Akwai binciken da za ka iya yi da kanka a ɗaki, don ka san abin da za ka faɗa wa mai gyara. Kafin komai ka buɗe ganga, ka zazzage, ka ƙirga ramuka 6 da ido, ka sake ƙirgawa da yatsa, ka kai harsasan wani ɗaki daban ka rufe. Kada ka ce ai na san babu komai a ciki. Kusan duk tsautsayin da na taɓa rubuta rahotonsa, mai shi ya rantse ya san babu komai a ciki. Sannan ka juya bakinta wajen bangon da ba kowa a bayansa, ka ja guduma baya da babban yatsa a hankali, a hankali ƙwarai, kunnenka a kusa. Za ka ji ƙas na haƙorin nan yana faɗawa tsagarsa. Abin da ake so, ka ji wannan ƙas ɗin kafin guduma ta kai ƙarshe ta tsaya. In guduma ta riga ta tsaya, sai da ka taɓa ganga da yatsa ta ƙarasa juyawa ta kulle, to wannan ramin ya makara. Ka yi haka a kan ramuka 6 duka, don sau da yawa biyu ne ko ɗaya ke da laifi, abin da ya dace da maganarka cewa sau biyu ko uku ka ji tsunkulin cikin harbi 24.

In kwanson harsasan da ka harba suna nan, kwaso su, sun fi kowa ba da shaida. A gindin kowane kwanso akwai 'yar cibiya da allurar guduma ke duka. Duba inda ramin dukan ya faɗa. In yana tsakiya, madalla. In a wasu ya zame can gefe, ganga ba ta kulle ba lokacin da aka harba su. Sai ka haska tocila a bakin bututu ta baya, inda harsashi ke shiga. In ka ga dalma ta shafe gefe ɗaya fari fat, ɗaya gefen babu, magana ta fito. Ka duba ko akwai tsaga a wurin, musamman ta ƙasa inda ƙarfen ya fi siranta. Tazarar kuma ana auna ta da siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna bawul da su, kowane gareji a Yelwa yana da su. In na 0.30 ya shige sakayau, ta buɗe da yawa. Ka kuma tura ganga gaba da baya da yatsa bayan ka rufe ta: motsi kaɗan da ƙyar ake ji ba laifi, amma in tana ƙwas-ƙwas a kunne, ta yi sako-sako.

Gwaji ɗaya ya rage, kuma shi na fi tsoro a bindigar da aka saya a hannun wani. Ja guduma ta tsaya, cire yatsa daga kunama, ka ɗan tura gudumar gaba da babban yatsa, turi matsakaici ba na ƙarfi ba. Bai kamata ta motsa ba. In ta faɗi, wani ya taɓa goge haƙoranta da magagari don kunama ta yi laushi, kuma wannan bindiga tana iya tashi ba a taɓa ta ba. Irin wannan karambanin yakan zo tare da wani: cire ɗan ƙarfen da ke tare guduma a ciki. Wannan ƙarfe yana da tarihi. A 1944 irin wannan libarba ta faɗi a kan dandamalin jirgin ruwan sojan Amurka, ta tashi ta kashe wani sojan ruwa, shi ya sa kamfanin ya sake fasalin matarin. Taka an ƙera ta da shi, amma sai an buɗe murfin gefe za a san ko yana nan. Kai kada ka buɗe. Murfin nan ba a ɓanɓare shi da sukurudireba, wanda bai sani ba yakan lanƙwasa shi.

Gyaran makarar ganga ba babban aiki ba ne ga mai sana'ar, yatsan ake sauyawa a daidaita shi. Amma ka kai wa mai gyaran makamai da hukuma ta sani, ko ka roƙi kwamandan birged ɗin jandarma na unguwarku ya haɗa ka da mai kula da makamansu. Ina girmama maƙeranmu, su suke ƙera bindigar tokar da ake bugawa a hawan sallar Lamiɗo, kuma sun iya abinsu. Sai dai cikin libarba aikin agogo ne. An taɓa kawo mini wata da mai walda ya ɗiga wa yatsan wuta don ya ƙara masa tsawo. Harbi 10 ta yi lafiya, na 11 ƙarfen ya ɓalle don wuta ta kashe taurinsa, ganga ta tsaya rabi da rabi. Allah ya taƙaita, gudumar ba ta samu cibiya ba.

Tunda muna maganar tazarar nan, bari in gaya maka abin da na gani da idona a filin harbi, wata safiya cikin hunturu. Wani sabon ɗauka, yaro mai hankali, ya saba da fistol, sai aka ba shi libarba mai cin harsashin nan mai ƙarfi, .357 Magnum. Ya riƙe ta hannu biyu, ya miƙa babban yatsan hagu gaba a gefen ganga kamar yadda ya saba. Kafin in buɗe baki ya harba. Wutar da ta fita ta gefe ta tsaga masa naman yatsa kamar an sa aska, baƙin albarushi ya shige cikin ciwon, sai da aka yi masa ɗinki. Taka .38 ce, ƙarfinta bai kai haka ba, amma tana ƙonawa. Yatsunka duka su tsaya bayan fuskar ganga, babban yatsan hagu ya kwanta a kan na dama. Kuma kada kowa ya tsaya daidai gefenka lokacin harbi, ya koma bayanka.

Sai harsashin da ya ƙi tashi. Nan ma cibiyar za ta raba gardama. In ramin dukan ya yi zurfi kamar na sauran, harsashin ne ya mutu. In ɗan tabo ne sama-sama, dukan guduma ne ya yi rauni, kuma sau da yawa dalilin ƙarami ne: a gaban ƙota ta ƙasa akwai wani sukuru da ke danne babban sifirin, masu son kunama mai laushi sukan sassauta shi. Wurinsa a ɗaure tam. Ni dai zargina ya fi karkata ga tsohon kwalin da aka haɗo maka. Harsashi yana daɗewa in an adana shi, amma wanda ya yi shekaru a aljihun mota a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, ya sha danshin damina, wataƙila ma mai ya jiƙa gindinsa, ba abin dogaro ba ne. Duk lokacin da ka ja kunama ka ji ƙas babu ƙara, ka ci gaba da nuna bakinta inda kake harbi, ka ƙirga 30 a ranka kafin ka buɗe. Tsohon harsashi yakan yi jinkiri sannan ya tashi, kuma in ka riga ka juya ganga zai tashi ne ba bututu a gabansa.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne harsashin da ya tashi rabi. Za ka ji ƙara 'yar ƙarama, fuf, babu shuri a hannu. Ma'anarsa dalmar ta fita daga kwanso ta maƙale a cikin bututu. In ka bi ta da wani, bututu ya kumbura ko ya fashe. In ka ji haka ka tsaya cak, ka zazzage, ka zura siririn sanda ka ga ko hanya a buɗe take. Yau ma ka shafa bututun taka daga waje da yatsu biyu, ka leƙa ciki da haske. In ka ji ƙullutu ko ka ga zobe mai duhu, an taɓa yi mata haka a hannun wani.

Ka kuma karanta gindin kowane harsashi a kwalin nan, don tsofaffin kwalaye sukan zama gauraye. A jikin bututunka an rubuta .38 S&W SPECIAL CTG. Abincinta ke nan, .38 Special, mai kwanso milimita 29. Akwai wani mai kama da suna, .38 S&W kawai ba Special, gajere ne, milimita 20, ya kuma ɗan fi kauri, shi ne na tsofaffin libarbar Ingila irin Webley da Enfield. Ba naka ba ne. Shi kuwa .357 Magnum, da ya fito a 1935, kaurinsu ɗaya da naka amma kwansonsa ya kai milimita 33, an tsawaita shi da gangan don kada ya shiga irin taka. Libarba mai cin .357, kamar Manurhin MR 73 ta Faransa, tana cin .38 Special lafiya lau, amma ba a juya maganar. In ka ga .357 ya shige ramin gangarka har ta rufu, wani ya rarake ramukan, kuma wannan bindiga ta gama aiki. Masu alamar +P kuma, wato masu ƙarin ƙarfi, ka bar su, tsohuwa ba ta bukatar ƙarin kaya.

Yanzu ga abin da ya dame ka. Saitin Model 10 ba ya karkacewa da sauƙi, domin babu abin da ke motsi a cikinsa: tsini ne a gaba, tsaga a baya da aka sassaƙa a jikin ƙarfen. An daidaita shi da harsashi mai nauyin giren 158, wato wajen giram 10. Mai sauƙin nauyi yakan sauka ɗan ƙasa, amma ɗan ƙasa, ba barin kwali ba. Lissafin da zai warware maka shi ne wannan. Bindigarka ba ta cika kilo ɗaya ba. Kunamarta, in ka ja ta kai tsaye ba ka ɗaga guduma ba, tana bukatar ƙarfin wajen kilo 5, domin yatsanka ne ke juya ganga, shi ke ɗaga guduma, shi ke sakin ta. Kana jan abu mai nauyin kilo ɗaya da ƙarfin kilo 5, da yatsa guda, kana so kada ya motsa. Taurin da ka ji lafiyarta ce, shi ne makullinta, tunda ba ta da wani maɓallin kariya a waje. Na-dama in ya fizgi kunama, sauran yatsunsa sukan matse tare, bakin bindiga ya nutse ƙasa ta hagu. Bahago kuma nasa ƙasa ta dama suke zuwa. Da ka ce mini ƙasa ta hagu, na san da dama kake harbi ba sai ka faɗa ba.

Ƙari a kan haka akwai zabura. Jiki ya san ƙara na zuwa, sai ya riga ta, ido ya ƙifta, hannu ya danna ƙasa don tare shuri kafin harsashi ya fita. Ba ragwanta ba ce, na ga manyan sojoji suna yi. Kai kuma ka harba ba abin toshe kunne, ga abu yana tsunkulinka a fuska, ina jiki zai natsu? Ina da tabbacin na farko da na biyu sun fi na ƙarshe kusa da tsakiya.

Maganinsa ba ya cin harsashi ko ɗaya. Bayan an gyara ta, ka zazzage kamar yadda na faɗa, harsasai a wani ɗaki, ka ɗora ƙwandalar sefa 100 a samanta, ka miƙa hannu, ka kafa ido a kan tsinin gaba, ka ja kunama da gaɓar farko ta yatsa, ja ɗaya mai santsi ba tsayawa, kamar mai jan guga daga rijiya. In ƙwandala ta faɗi, ka ga abin da hannunka ke yi. Minti 10 kullum na mako biyu ya fi kwali 5 na harsashi amfani. In ka koma fili ka manta da taku 20, ka fara daga mita 5. Ka sa wanda ke koya maka ya cika ganga ba ka gani ba, ya bar rami ɗaya ko biyu da kwanson da aka riga aka harba. Ranar da guduma ta faɗi a kan wofi ka ga bakin bindiga ya yi sujada da kansa, ba sai wani ya sake yi maka bayani ba. Za ka lura in ka ɗaga guduma tukuna kunama takan yi laushi, ƙasa da kilo 2, harbi ya fi kyau. Ka yi haka sau 6 kana dafe da hannu a kan buhun yashi don ka tabbatar wa kanka saitin lafiya yake, amma kada ya zama ɗabi'a. Gudumar da ke ɗage a hannun mutumin da gabansa ke faɗuwa ita ke kashe wanda ba a nufa ba.

Kunnenka kuma, ɗana, ƙugin nan rauni ne. Ƙarar .38 ta haura desibel 150 a ma'aunin ƙara, kuma daga 140 harbi ɗaya ma yana iya yin ɓarna. Abin da ya mutu a cikin kunne ba ya dawowa. Tsararrakina da yawa yau sai an ɗaga murya suke jin sallama, don a zamaninmu ana ganin toshe kunne raki ne. Auduga ba ta isa ba. Ka sayi robar toshe kunne a famasi, ka ɗora marufin kunne irin na masu aikin injin a kai, ka sa tabarau mai kauri. In har yau ƙugin bai tafi ba, ka ga likitan kunne cikin makon nan. Ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan harbi kafin ka ci goro ko ka ɗauki yaro, dalma guba ce.

Kula da ita a ƙasarmu yaƙi ne da abu biyu, ƙurar hunturu da tsatsar damina. Mai kaɗan take so, ɗigo, a goge. In ka yi mata wanka da mai, ƙura ta haɗu da shi ta zama taɓo. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne ƙarƙashin tauraron nan da ke turo kwanso waje: ƙwayar yashi ɗaya a wurin ta isa ta hana ganga rufuwa. Tsohon buroshin haƙori ya ishe ka, kuma in za ka zazzage kwanso ka ɗaga bakinta sama don datti ya zubo ƙasa. Kada ka bar ta kwana da kwanaki cikin kuben fata, fata na riƙe danshi. Kada kuma ka rufe ganga da wurgi na wuyan hannu yadda ake yi a fim, wannan ke lanƙwasa hannun ganga, ya kawo ainihin ciwon da muke zargi. Da tafin hannu ake mayar da ita.

Akwai abu biyu a saƙonka da ba ka tambaya ba amma ba zan tsallake su ba. Na ɗaya takarda. Dokar da ke aiki a Kamaru ita ce mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, wadda ta kasa makamai kashi 8, irin taka tana kashi na 4, makaman kare kai. Ka duba lambar da ke ƙasan ƙota, ita ce lambar bindigar ta ainihi, ba waɗanda ke ciki kusa da MOD. 10-5 ba. Ta dace da ta takardarka harafi da harafi, kuma a tabbatar sunan mai ita na farko ya sauka daga kanta a rajista. Ka karanta abin da takardar ta ba ka da kyau, ajiyewa a gida ko ɗauka a jiki, da adadin harsashin da aka yarda maka. Hukuma ba ta wasa da wannan, ka tuna a watan Afrilun 2018 minista Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da makamai da harsasai a yankuna 6, har da Adamawa maƙwabciyarmu. Gonar amininka ma ba filin harbi ba ce. Harsashin .38 yana tafiya fiye da kilomita ɗaya, kuma 16 daga cikin naka ba su taɓa kwali ba. Ina suka sauka? Akwai makiyaya a dajin nan, akwai mata masu itace. Ba a harbi sai da tudun ƙasa mai tsayi a bayan kwali, kuma da sanin jandarma, don a wannan zamani ƙarar bindiga a daji tana iya tayar da ƙauye guda.

Na biyu, na san abin da ya sa mai fataucin shanu ke neman bindiga. Duk wanda ya bi hanyoyin Mayo Rey da kuɗi a jiki ya san 'yan fashin hanya da ake kira zargina da masu satar mutane. Amma zan gaya maka gaskiya don ina ƙaunarka: su sukan zo su da yawa, da Kalashnikov mai harsashi 30, kai kana da 6 a bindigar da har yanzu ba ka samu kwali da ita a taku 20 ba. A kan hanya abin da ke tsare ka shi ne tafiya cikin ayari da rana, da tura kuɗi ta waya maimakon ɗauka a riga, da rufe baki game da ranar tafiyarka. A gida kuma wanda ya fi kusa da bakin bindigar nan ba ɓarawo ba ne, 'ya'yanka ne. Yaro ɗan shekara 5 da ba zai iya jan kunama da yatsa ɗaya ba yakan juya ta ya danna da manyan yatsu biyu, bakinta na kallon fuskarsa. Na je gidan da haka ta faru, na ga uwar, kuma ba na son in sake ganin irin wannan. Akwatin ƙarfe mai makulli, bindiga ba harsashi a ciki, harsasai a wani wurin daban a kulle, makulli a jikinka. Ƙarƙashin matashi da saman kwaba duk yara sun san su. Ranar biki ko suna kuma kada wani ya zuga ka ka harba sama, abin da ya hau sai ya sauko.

In ka samu sarari bayan sallar Juma'a ka biyo ta gida. Ka bar bindigar a kulle inda take, ka zo mini da kwanson 23 ɗin nan, da harsashin da ya ƙi tashi a naɗe cikin tsumma shi kaɗai, da tsohon kwalin, da hoton takardarka. Daga cibiyoyin zan gaya maka ko ganga ce ta makara da kuma ramuka nawa, sannan in rubuta maka abin da za ka faɗa wa mai gyara.